Kan Burtun Baba a Saman Bene

Ko zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan manta da safiyar da na dawo daga sayen burodi na tarar da layinmu ya yi tsit ba. Layin da kullum sai mutum ya raɓa tsakanin tuk-tuk, wato keke-napep ɗinsu, da amalanken masu tumatir, ranar babu motsin kowa. Mai shagon ƙasan benenmu ya ja ƙofarsa rabi yana leƙe. Matar mai gadin gidanmu, wadda ba na wucewa ba ta tsokane ni ba, tana hango ni ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ban san me ya faru ba, amma jikina ya ba ni cewa ko mene ne, mu ya shafa.

Bari in koma baya kaɗan don a gane. Ina gama sakandare Yayana ya ɗauko ni daga gida in zo in koyi Larabci. Shi yana karatun addini a jami'a, muna haya a wani ɗan gida can hawan ƙarshe na wani bene a bakin unguwar Arba wa Nus. A 2013 ne, lokacin da aka sa dokar hana fita, sojoji a kowace mararraba, ba a hirar komai a gari sai ta masu harbi daga saman benaye. Ni kuma takardar zamana ba ta ma fito ba tukuna.

Mu gidanmu gidan maharba ne, can ƙasar Ningi. Yaya ya tashi yana ɗaukar wa Baba jaka, amma Baba ya ce ba zai bi shi babbar farauta ba sai ya sauke Alƙur'ani. Ya sauke, sai Baba ya rasu. Abin ya tsaya masa a rai, ɗan maharbi guda bai taɓa kayar da barewa ba. Cikin kayan Baba abu ɗaya ya ɗauko ya zo da shi Masar, wato kan burtu. Ga wanda bai sani ba, itace ne ake sassaƙawa kamar kai da dogon wuyan tsuntsun nan burtu, a lulluɓe shi da baƙar fata, a sa masa jajayen idanu. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin mayafi, ya duƙa yana tafiya yana saran ƙasa kamar tsuntsun. Barewa ba ta gudun burtu, sai ya zo dab da ita. A bangon falonmu yake rataye.

Sai ga wani abokin Yaya, tela ne, Bahaushen Sudan da ya girma a bakin Bahar Maliya. Shi ya kawo labarin wani tsibiri can kudu, ya ce babu mutum ko ɗaya a kansa, sai bareyi. Ya ce ya san wani masunci da zai tsallakar da su, har ya ara musu bindiga in an je. Tun daga ranar Yaya bai ƙara zama lafiya ba. Kullum da yamma suna kan tabarma da shayi, sun zana taswira, nan jirgi zai ajiye su, nan za su kafa tanti, daga nan iska ke kaɗawa. Suka je kasuwar Ataba suka jibgo igiya, wuƙaƙe, jarkokin ruwa, madubin hangen nesa, har da gishirin banda.

Nakan ce, "Yaya, kai da ko kaza sai ka kai wa mahauci?"

"Auta, ke dai tanadi yaji. In na kawo cinya kada in ga hannunki."

Abokin, wanda kowa "ya zol" yake ce masa irin na mutanen Sudan, ya ce, "Rabu da shi ya zol, in barewa ta yi atishawa ni zan ɗauko miki shi a kafaɗa."

Abubuwa biyu suka yi waɗanda a gida daidai ne. Na farko, a wurinmu maharbi ba ya faɗin inda za shi, mutanen gidansa ma ba sa faɗa, an ce yana kore sa'a. Don haka da mai gadi ya tambayi Yaya jarkokin nan na mene ne, murmushi kawai ya yi masa ya ce alheri ne. In ya hawo karɓar shara kuma sai su yi shiru su naɗe taswira. Na biyu, Yaya ya ce tafiyar burtu sai da koyo. Bayan sallar asuba sai su hau rufin bene. Ya ari baƙar abayata ya yafa, ya ɗaura kan burtu, ya riƙe guntun bututun ruwa a matsayin bindiga, yana rarrafe tsakanin tankunan ruwa da faifan talabijin. Abokin ya tafi can ƙarshen rufin ya zama barewa. Ni ina bakin matakala ina dariya har da hawaye. Babu wanda ya kawo a ransa cewa daga wancan ƙarshen rufin ana hango shingen sojojin babban titi tar.

To, ranar da nake ba ku labari, su biyun sun koma Ataba neman tanti. Na hau matakala. Ƙofarmu a wangale. Ban ga komai ba sai bakin bindiga, da mutane cikin baƙaƙen kaya fuskokinsu a rufe. Wani ya daka min tsawa, burodin ya watse a ƙasa. Sun zazzage gidan kaf, sun jera kayan a tsakiyar falo: wuƙaƙe, igiya, madubin, taswira, bututu. Kayan da nake tsallakewa kullum in ina shara, amma da na gan su a jere haka, wallahi ni ma sai da na tsorata da su.

Babbansu ya ɗago abayata da yatsa biyu, gwiwoyinta duk ƙurar siminti.

"Ta wace ce wannan?"

Na ce tawa ce. Gaskiya na faɗa, ban san igiya na zura wa wuyana ba. Suka kalli juna. Sai kawai na ji an ce, "Yalla, mu je."

Yadda aka sauko da ni, da idanun da ke leƙe ta kowace taga, da bayan motar da aka tura ni, duk kamar a mafarki nake tuna su. Abin da na riƙe shi ne takalmina ɗaya ya fita a matakala, ban iya cewa a tsaya ba.

A ofishinsu aka zaunar da ni a gaban wani jami'i mai furfura a gefen kai. Bai yi min ihu ba, kuma shirun nasa ya fi ihun ban tsoro. Ya juyo min da waya ya ce in kalli wani bidiyo. Wata maƙwabciya ce ta benen da ke fuskantar namu ta ɗauka daga barandarta. Na ga wani baƙin abu yana jan ciki a rufin gidanmu cikin duhun asuba, da dogon ƙarfe a hannu, yana laɓewa bayan tanki, yana matsawa sannu a hankali wajen da ke kallon sojoji. Kansa na sama yana ƙasa kamar mai ba wani alama. Abin da na yi wa dariya da idona ke nan, amma a cikin wayar nan ban gane shi ba. Da ni ce matar, da ni ma na kira 'yan sanda.

Ya ce, "Kin ce rigar taki ce. Wa kike wa alama?"

Abin mamaki, a wannan halin ma sai da tarbiyyar gida ta riƙe min harshe na ɗan lokaci, wai kada in faɗi inda maharbi za shi. Ya kalli shirun nawa ya gyaɗa kai.

"Ya binti, 'yata, in ba ki faɗa min ba, akwai motar da za ta zo ta kai ki wurin waɗanda ba sa tambaya sau biyu. Takarda ma ba ki da ita. Wa zai neme ki?"

Sai maganar ta ɓalle. Da guntun Larabcina na kasuwa na haɗa masa, barewa, tsibiri, teku, Yayana, Babanmu, tsuntsu. Ina yi ina kuka ina kwatance da hannu. Ya bari na gama, ya ɗauko kan burtu daga kan tebur. Har sun ƙwaƙule masa ido ɗaya suna neman kyamara.

"Mutum ya zama tsuntsu don ya kama barewa. A saman bene. A Alƙahira." Ya ajiye shi. "Duk wanda ya zauna a kujerar nan yana da labari, amma naki ya fi na kowa."

Wayata ta yi ƙara a cikin kayan da suka karɓa. Yaya ne. Raina ya rabu biyu, ina so ya zo ya cece ni, ina so ya gudu ya tsira. Jami'in ya ɗauka ya ce masa ƙanwarka tana wurinmu, ya faɗi inda muke, ya kashe.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ce tawa ce ta zo. Ina ta tunanin Inna a gida, wa zai gaya mata, da wane baki. Can na ji muryar Yaya a waje yana cewa, "Ni ne, ni ne, ba ita ba ce!" Aka shigo da shi an riƙe masa hannu ta baya. Abokin na biye da shi. Shi ɗan gudun hijira ne, ya fi mu abin tsoro, da ya so da ya sulale tun a Ataba, amma ya zo.

Yaya ya dube ni, ya ga ƙafa ɗaya ba takalmi. "Auta, sun taɓa ki?"

Na girgiza kai.

Abokin ya yi bayani da Larabcinsa mai kyau, daidai da abin da na faɗa. Jami'in ya saurara, sannan ya tura kan burtu da abayar gaban Yaya.

"Tamam, ya yi. Nuna min."

Aka sake masa hannu, aka fito da mu wani dogon lungu, masu bindiga a gefe da gefe. Yaya ya ɗaura abin a goshi, ya kasa ƙulla igiyar, sai da na ƙulla masa. Ya yafa abayar ya duƙa. Abokin, ba tare da an ce masa ba, ya taka zuwa ƙarshen lungun ya durƙusa ya zama barewa. Yaya ya fara tafiya. Taku, ya tsaya, ya sari ƙasa, ya karkata kai kamar tsuntsu na sauraro, ya ƙara taku. Ɗalibin jami'a, mai jan mu sallah, yana rarrafe a ƙazamin siminti da gadon ubansa a ka, ido ɗaya a ƙwaƙule. Jami'in na kallon bidiyon nan a waya yana kallonsa. Motsin kan da suka ɗauka alama ce, ga shi nan a gabansu, tsuntsu ne ke neman abinci. Wani ɗan sanda ya kasa daurewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Ni kam ban yi ba, kuma har yau in ana ba da labarin ana ƙyaƙyatawa ba na iya taya su.

Jami'in ma bai yi dariya ba. Ya ɗauko taswirar ya tambayi abokin sunan tsibirin. Da ya ji, sai ya buga tebur.

"Kun san inda za ku? Wurin sojoji ne! Jirgin da ya doshi gaɓar nan a wannan lokaci, harbi ake fara yi kafin tambaya. Kuma wa ya ce muku ana farautar barewa a ƙasar nan? Laifi ne!"

Abokin ya zame ya zauna a ƙasa. Yaya ya ce innalillahi. Ashe duk yammacin da nake dafa musu shayi suna zane, hanyar kabarinsu suke shatawa, ni ina zolayarsu da yaji.

Aka wuce da su wani ɗaki, aka bar ni a kan benci. An yi ta buge-bugen waya, jami'a, maigidan haya, ban san su wa kuma ba. Ni kuwa ina nan ina jiran motar nan. Ana kiran la'asar a masallacin da ke bayan ginin jami'in ya fito ya tsaya a kaina. Na ɗaga kai na dube shi.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya binti. Babu abin da ke kanki. Yayanki da abokinsa za su kwana a gama rubuce-rubuce, gobe su fito. Kayan kuma sun zama namu, har tsuntsun. Ma'alish, ki yi haƙuri. Tafi gida."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Sai a lokacin na ji ƙishirwa, na ji sanyin siminti a tafin ƙafata, na fashe da wani irin kuka da ban taɓa yi ba.

A kan bencin nan na koyi abin da makaranta ba ta koya min ba. Mu mun san zuciyarmu fes take, sai muka ɗauka kowa ma yana ganin haka. Amma maƙwabcin da bai san ku ba, ba zuciya yake gani ba, abin da ke rarrafe a kan rufi yake gani, kuma da tsoron da ke garinsa yake auna shi. Da Yaya ya kira mai gadi ya zuba masa shayi ya ce ga abin da muke shiryawa, da shi zai fara gaya mana cewa wurin ba na zuwa ba ne. Shi ya sa yanzu duk inda na sauka baƙuwa, ba na jira a tambaye ni. Ni nake fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta in ce ga ni, ga abin da ya kawo ni.