Famfon da Muka Ƙi Zuwa

Shekarun baya, ina amarya a wani ƙauye kusa da Wagini, aka ɗora wa maigidana jagorancin haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa. Lokacin ɓarayin daji sun fara matsowa, mu mata kuwa sai mun je rafi a bakin daji muke samun ruwa. Bawan Allah ya yi ta zirga-zirga zuwa Batsari har mashin ɗinsa ya gaji. Ya tambayi masu haƙa, ya tambayi mai gari, ya tambayi liman. Mu masu ɗaukar tulun ne kawai ba wanda ya tambaya.

Aka haƙa shi a tsakiyar gari, dab da tsamiyar da dattawa ke wuni a gindinta. Surukina nan ne wurin zamansa tun kafin a haifi maigidana. To wace mace ce za ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tsaya tana tuƙa famfo a gaban surukinta? Ni da ko tarinsa na jiyo sai na sauya hanya! Haka muka ci gaba da zuwa rafi, gabanmu na faɗuwa.

Maigidana ya ji haushi ƙwarai. Ya ce, "Ga ruwa a ƙofar gida, ku kuna kai kanku ga halaka?" Na sunkuyar da kai, don maganar ta yi wa bakina nauyi.

Wata rana muka jiyo ƙarar mashina a cikin daji, muka dawo a guje, ba tulu ba takalmi. Ranar surukata ta faɗa wa surukina gaskiya. Ta ce da ya ji, sai ya ce, "Subhanallahi! Ashe mu ne muka tare ma yaran nan ruwa."

Washegari na leƙa, gindin tsamiya ba kowa. Dattawan sun kwashe buzayensu sun koma bayan masallaci, inda rana ke dukansu tun hantsi. Kafin azahar mata sun cika famfo, ana tuƙi ana shewa.

Daga nan na gane cewa kowane aiki za a yi don mutane, a fara jin ta bakin masu amfani da shi, musamman waɗanda ba za su iya faɗa da kansu ba.

Har tsohon nan ya rasu bai sake zama a inuwar ba. Ni kuma kunya ba ta taɓa bari na ce masa na gode ba, kuma abin yana cin raina har yau. Allah ya sa shi a inuwar Al'arshi.