Waƙar kakata a bakin 'yan dakon Jamus

Da sandata na shiga ɗakin karatun unguwarmu a Pumpumre, niyyata in janye jikata Hadiza. Tun da aka yi vakans, wato hutun makaranta, kullum tana can, wai ana koya musu tarihi. Ni ban yi boko ba, ban kuma yarda da kayan Nasara ba. Jamus ne suka ɗora wa kakana kaya daga Garwa zuwa Tibati, bai dawo ba.

Na tarar yara sun yi tsit. Malamar wurin ta kunna musu wani tsohon faifai, wai muryar 'yan dako ce da aka ɗauka a zamanin Jamus.

Sai ga waƙar da kakata take yi in tana niƙa. Duk zatona ita ta ƙirƙiro ta. Na zauna a kujerar yara.

Hadiza ta matso, ta ce, "Angona, tafiya da ni ka zo yi?"

Na ce, "Rufe mini baki, mummuna. Ce wa malama ta maimaita. Gobe ma tare za mu zo."

Ban yafe wa Jamus ba. Amma ku masu boko, ku gaya mini: yaya mutum zai zama ƙasa, muryarsa tana nan tana numfashi?