Ƙafar Yaya a Vienna

Mu uku muka tashi daga Doha zuwa Vienna a tsakiyar zafi: ni, da wani injiniya abokin aikina a unguwar West Bay, da babbanmu da muke kira Yaya. Shi ya riga mu zuwa Qatar, kuma a gidansa na unguwar Muntazah kowannenmu ya sauka yana baƙo. Yaya yana da ciwon suga. Mun daɗe da sani, har mun daina tunawa.

Ni na tsara kwanakin: Juma'a masallaci da hutu, Asabar tsohon gari, Lahadi sayayya, Litinin gida. A Doha ranar Lahadi mako yake farawa, ko'ina a buɗe, don haka ban tambayi kowa ba.

Ranar Asabar muka shiga tsohon garin Vienna a ƙasa. Mu kuwa mutane ne da daga gida sai mota, daga mota sai lif. Yaya ya sa sabon takalminsa buɗaɗɗe irin na Larabawa. Titunan na ƙananan duwatsu ne. Muka ga fadar sarakunansu, muka ga babban cocinsu, muka yi ta zagaye har yamma. Injiniya yana tsokanarsa wai tsufa ya kama shi. Yaya ya ce lokacin da yake zuwa kasuwar Kurmi a ƙasa, shi Injiniya yana goye. Bai yi kukan komai ba.

Da asubar Lahadi na shiga alwala bayan Yaya, na ga jini a tawul. Na roƙe shi ya nuna mini ƙafar. Igiyar takalmin ta ci ƙarƙashin babban yatsa, ciwo ya buɗe.

"Ni fa ba na jin komai," ya ce.

Wannan maganar ta fi jinin tsorata ni.

Muka bar shi, muka fita neman kemis. Na farko a rufe. Na biyu a rufe. Kantuna gaba ɗaya a kulle, sai ƙararrawar coci. Da ƙyar muka sami mai aikin Lahadi a wata unguwa mai nisa. Matar da ke kemis ɗin ta kalli hoton ciwon a wayata, ta tambaya ko yana da suga. Ta ba mu bandeji da maganin wankewa, ta ce yau ɗin nan mu kai shi asibiti.

Na koma na faɗa masa. Ya ce gobe muna gida, likitansa na Doha ɗan Zariya ne, ya san jikinsa. Na sake faɗa. Injiniya ya durƙusa yana roƙo.

"Khalas, magana ta ƙare," ya ce. "Ni na sauke ku a Doha. Ba ku za ku kwantar da ni a nan ba."

Ƙane ba ya ɗaukar wansa dole. Na wanke ciwon, na ɗaure, na zauna ina kallon yatsan yana sake launi. Ban taɓa jin tsawon yini irin wannan ba.

Daga filin jirgin Doha asibiti muka wuce. Aka ceci ƙafar, yatsan bai tsira ba.

Yanzu a kan kujera yake salla, a ƙarshen sahu. Duk Juma'a nakan riga shi zuwa in ajiye masa ita. Bai taɓa tayar da zancen Vienna ba, ni ma ban tayar ba.