Hotunan da Yaya Bello ya ɗauka daga sama

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Bello, mai hoto a Kalgo. Har gobe idan na buɗe tsoffin hotunan gidanmu na Gwandu, ina gane wanda ya ɗauka kafin ya faɗi da babur da wanda ya ɗauka bayan nan. A na farko yaro na kallonka ido cikin ido, don Yaya tsugunawa yake yi. A na baya kuwa sai ƙoƙon kai da hula.

Gwiwar ce ta hana shi tsuguno. Asibiti suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi lafiya lau. Shi ke nan abokan wasa suka samu abin yi, suka sa masa Bello Raki. Yakan yi dariya ya ce mini, "Hajo, wanga hoto bai yi ƙarya ba, mai ɗauka ne bai tsaya inda ya kamata ba." Amma na san abin na cin sa. Mutum na jin ƙafa tana zame masa, ana ce masa sangarta.

Bara ɗansa Nura, wanda ya gaji kyamarar, ya murɗe gwiwa wurin ƙwallo. Hoton ƙashi ya sake cewa lafiya lau, kamar na Yaya. Sai likita ya tura shi wata na'ura da ake shigar da mutum a kwance, mai ɗaukar har jijiya, yanka-yanka kamar an yanka albasa. Ga jijiyar da ke riƙe gwiwa nan a tsinke. A kan hoton likita ya auna inda zai huda ƙashi, da inda zai ɗaura sabuwar jijiyar da zai ciro daga ƙafar yaron.

Da Yaya na nan, na rantse sai ya hana likitan sakat da tambaya, ta wane gefe aka ɗauka, ina hasken yake fitowa. Daga nan ya nemo masu ce masa Raki ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu irin ciwon da hotonsa bai kama ba. Ni dai kuka na yi a gaban likita, ban ji kunya ba.

An yi aikin, Nura ya sha watanni yana gashi da motsa ƙafa. Ranar sunan da muka yi kwanan nan, jikata ta tsaya a ɗauke ta hoto. Na ce, "Nura, bi a hankali." Ya ce, "Goggo, bari ki gani." Ya tsuguna har ƙasa. Hoton na jikin bangona, yarinyar na kallona ido cikin ido. Allah ya jiƙan Yaya Bello.