Takabar Madam Aisata

A unguwarmu ta Dakoro kowa ya san Madam Aisata, mai koyar da yara a gidajen iyayensu. Ba ta da aji a lakwal, wato makarantar boko, aikinta na yamma ne. Idan yara sun taso, sai ta bi su gida-gida da allinta da guntun allon katako, ta sake warware musu lissafi da Faransancin da suka shige musu duhu da safe. Mijinta Mutari, mai gyaran famfon rijiyoyi, shi ke ɗaukarta a moto, wato babur, ya sauke ta ƙofar gidan farko, in ta gama ya dawo ya kai ta na gaba. Daga ƙofar gidana nake ganin wucewarsu, ita a baya ta rungume allon kamar jariri.

Mace ce marar yawan dariya. Duk gidan da kiran La'asar ya same ta, nan take ajiye alli ko ana tsakiyar lissafi, ta nemi buta, ta tasa ɗaliban su ma su yi alwala. Wani dillalin shanu ya taɓa yi mata ƙorafi cewa sallar tana cinye lokacin karatun ɗansa. Ta ce masa lokacin da ɗan yake ɓatawa wajen neman bironsa ya fi na sallar yawa. Dillalin bai sake tayar da maganar ba.

Da bazarar bana Mutari ya rasu a hanyar Birnin Lalle, moto ta kife da shi. Aisata ta shiga takaba a gidan da suke zaune tare da uwarsa, Inna Fadimatu. Ta cire ɗan kunne, ta bar kwalli da turare, ta zauna. Ga shi jarrabawar birbe, wadda ake yi a ƙarshen koleji, ta matso, takabar kuwa ba za ta ƙare ba sai bayanta.

Bayan sadakar bakwai iyaye suka fara turo mata yaran gida. Ta jingina allon a jikin darbejiyar tsakar gida, karatu ya ci gaba. Kowa yana zuwa ban da Kausar, wadda ta faɗo daga amalanke ta karye a cinya, maɗori ya ɗaure ƙafar ya ce kada ta motsa. Bara ta faɗi birbe, kuma an riga an gaya wa iyayenta cewa in ta sake faɗuwa babu sauran gurbinta a koleji.

Aisata ta aika aka tambayi limamin unguwa, Malam Sharfaddeen, ko za ta iya fita ta koyar da Kausar a gidansu. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana don sana'arta, muddin ba ta yi ado ba, kuma ta kwana a ɗakin mijinta. Amma mu matan unguwa muna da tamu dokar, wadda ta fi ta liman tsauri. Na san halinmu sarai. Idan muka riƙe abu, ko littafi aka buɗe mana sai mu ce malam bai duba da kyau ba.

Da Aisata ta kai wa surukarta maganar, tsohuwar ta ɗago ta dube ta.

"Ko arba'in ba a yi ba, ki ce za ki hita? Mi mutane za su ce?"

"Inna, Malam ya ce babu laihi in da rana ne."

"Malam ba shi ya haihe shi ba."

Washegari bayan Azahar Aisata ta saka koɗaɗɗen hijabi, ta ɗora allon a ka, ta fita a ƙafa cikin zafin ranar nan. Kafin ta kai gidan su Kausar labari ya riga ta isa. Wasu suka ce dama ba ta damu da mamacin ba, wasu suka ce boko ne ya cinye mata zuciya. Ta ba ni tausayi ƙwarai, don na ga yadda take sunkuyar da kai idan ta zo daidai inda Mutari ya saba tsayar da moto. A gida kuma Inna Fadimatu ta daina amsa gaisuwarta, ta raba kwanon abincinsu.

Haka aka yi ƴan kwanaki. Wata rana Aisata ta fito da allonta, sai ta tarar da tsohuwar a zaure, ta yafa mayafi tana riƙe da sandarta. Tsohuwar ta shiga gaba, Aisata ta bi ta. A gidan su Kausar aka shimfiɗa wa tsohuwar tabarma ta zauna tana jan carbi, La'asar ta yi suka yi salla tare. Da rana ta yi sanyi ta ƙwanƙwasa sandar a ƙasa, Aisata ta goge allo, suka koma gida kafin Magariba. Kullum haka, har ranar da aka ɗauki Kausar a amalanke aka kai ta ɗakin jarrabawa. Ta ci, ko da yake da ƙyar.

Tun ranar da tsohuwar ta fara shiga gaba bakin mata ya mutu. Duk muka ɗauka ta karɓi maganar liman ne. Da na je yi musu barka na same ta ita kaɗai a zaure, sai na tsokane ta, na ce ashe dai ta yarda.

"Ban yarda ba," in ji ta. "Har gobe ban yarda ba."

"To, Inna, mi ya sa kike raka ta?"

Ta dubi hanya, sannan ta amsa.

"Tun da Mutari ya auro ta, bai taɓa bari ta taka hanyar nan ita ɗaya ba."