Hannun da Ya Taɓa Kare

Maazou mutumin Tahoua ne, kuma ba gadi ne ya kawo shi Faransa ba. Karatun injiniya ya zo yi a Villeurbanne, kusa da Lyon, amma cikin shekara biyu jarrabawa ta kayar da shi warwas. Kunya ta hana shi komawa gida, sai ya nufi Paris a 1989, ya samu aikin gadin ɗakunan ajiyar kaya a Aubervilliers, a gefen birnin. A aikin nan kowane mai gadi da karensa. Aka damƙa masa igiyar wani baƙin kare mai suna Bosko, mai ƙaton kai kamar na ɗan maraƙi.

Duk ranar Lahadi 'yan Nijar na Stains, wata unguwa a bayan Paris, suna haɗuwa a gidan Alhaji Nouhou, dattijon unguwar. Matarsa Hajiya Rékia ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, a zuba a tire guda kowa ya sa hannu. Wanda bai taɓa zaman ƙasar mutane ba ba zai gane darajar tiren nan ba. Maazou ba mata, ba dangi, nan kaɗai yake jin shi ɗan wani ne. Ana tsokanarsa da Sarkin Karnuka, amma ana matsa masa wuri, tunda karen a kamfani yake kwana.

Shekara bakwai suna sintiri tare. A Disambar 1996 ƙugun Bosko ya fara gazawa, mai kamfanin ya ce ran Litinin a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar mutuwa. Ya faɗe ta ne yana duba takardu, ko kai bai ɗaga ba. Maazou ya ja karen ya tafi da shi ɗakinsa.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Alhaji, don mutanenmu ba sa barin magana ta huce. Ya kira Maazou ya yi masa faɗa sosai. Kare a ɗakin da ake salla? Wa zai yarda ya haɗa tire da hannun da kare ke lasa?

"Ka yi yadda ake yi gida, ɗana," in ji shi. "Ka tahi da shi nesa, ka sake shi, ka komo. In ba haka ba, ka san ba ka sa hannu cikin tuwonmu."

Ran Lahadi da safe Maazou ya ari motar abokin aikinsa, ya yi tuƙin awa uku zuwa gaɓar tekun Normandie. Bai taɓa tsayawa gaban teku ba sai ranar. Wurin fararen duwatsu ne tsaye tsororo, ruwa can ƙasa yana dukansu, a samansu kuma 'yar siririyar hanya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Sanyi kuwa har cikin haƙori. Iska na tura shi baya yana tura ta, Bosko na ɗingishi a gefensa.

Da suka yi nisa ya tsuguna, ya cire wa karen takunkumi, ya kwance igiyar. Ya ce masa ya tafi, da Faransanci, sannan da Hausa. Ya juya ya kama hanya da sauri, ya ƙi waiwaye.

Bai yi taku ashirin ba ya ji abu ya gogi gwiwarsa. Bosko ne, yana haki. Ya zagayo ya shiga tsakanin Maazou da bakin dutsen, yana ture shi da kafaɗa zuwa wajen ciyawa, kamar yadda yake shiga tsakaninsa da duk wani abin tsoro a bakin aiki. Ƙafarsa ta baya na rawa, amma bai matsa ba. Nan Maazou ya ji kunyar da ta fi ta faɗuwa jarrabawa, bayanta kuma fushi ya taso masa. Wai shi ne ya zo yar da wannan don a bar shi ya ci tuwo!

Ya cusa igiyar a aljihu. Suka ci gaba da tafiya a saman duwatsun har tsohon karen ya gaji, Maazou ya ɗauko shi a kafaɗa ya sauko da shi. A ƙauyen da ke ƙasa ya shiga ɗakin tarho ya kira Stains. Ya gaida Alhaji da ladabi, ya tambayi Hajiya da yara, sannan ya ce, "Alhaji, mu biyu muka tahi, mu biyu za mu komo."

An ɗauka ba zai sake taka gidan ba. Lahadi na zagayowa sai ga shi da sallama. Aka ajiye masa nasa faranti shi kaɗai a bakin ƙofa, har da cokali. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya ture cokalin, ya sa hannu ya cinye tas. Da aka zo kwashe kwanuka ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajiya, ƙasusuwan nan kar a zubar. Ki ƙulle mini su, akwai mai jirana a ɗaki."