Baƙin Mai a Lambun Goggo

Goggo Attaruhu ake ce mata a layin, rabi saboda abin da take shukawa, rabi saboda bakinta. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana girki a kicin ɗin wata makarantar kwana, har hayaƙi ya raunana mata ido. Da ta ajiye aiki, mijinta kuma ya rasu, sai ta tone ɗan filin da ke bayan ɗakinta ta zuba taki. Ta shuka tumatir, alayyahu, kuɓewa da attaruhu, ga na'ana'a a tsohon bokiti. Ba ta sayarwa. Wanda ta ga dama ta tsinko masa, wanda ba ta ga dama ba ko ganye bai isa ya taɓa ba.

A bayan katangar lambun ƙanin mijinta ya buɗe gareji. Bakanike ne mai ji da kansa, kuma tun shigowarta dangin jininsu bai haɗu ba.

Wata damina ganyen tumatir ya fara rawaya. Ta ƙara taki, ta yayyafa toka, a banza. Da ta tona gindin katanga sai ƙasa ta fito baƙi ƙirin, tana naso. Ta shinshina, ta zagaya garejin ko hannu ba ta wanke ba.

"Ina kake zubar da baƙin man motocinka?"

Bakanike bai fito daga ƙarƙashin motar ba. "A filina, Yaya. Ko ƙasar ma sai na nemi izininki?"

"Ya kashe mini shuka."

"Tsufa ne ya kashe ta. Ki je kasuwa kamar kowa."

Masu jiran motocinsu suka yi dariya. Dariyar nan ta fi maganar ƙona mata rai.

Ta koma gida ta tsinke alayyahun da ya rage a jikin katanga, ta haɗa da tumatir ɗin da ya yanƙwane. Ta yanka albasa, ta soya, ta yi miya yadda ta iya ta, har ƙamshi ya tsallaka katanga. Da azahar ta ɗauki kwanon ta dire shi a kan murfin injin da Bakanike yake gyara, ta miƙa masa cokali.

"Ci. Tunda ka ce ba manka ba ne."

Ya dubi miyar, ya dubi mutane. "Na ƙoshi."

"Yayanka bai taɓa mayar mini da kwano da abinci a ciki ba. Kai da bakinka ya fi sifanarka aiki, loma ɗaya ta gagare ka?"

Don kada a ce ya ji tsoro, ya kai cokali baki. Ɗanɗanon mai ya daki harshensa, ya juya ya tofar a gefen taya. Wannan karon shi aka yi wa dariya.

Washegari ya ajiye ganga yana tara man a ciki, amma bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Ƙasar kuwa ta riga ta mutu. Goggo ta riƙa ɗebo sabuwa daga bakin rafi a kanta, bokiti bayan bokiti, har bayanta ya ranƙwafa. Ta koma shuka a buhuna da tsofaffin robobi, nesa da katangar.

Dangi sun yi ƙoƙarin sulhu. Ta saurare su har suka gama, ta ba kowa ɗaurin alayyahu, ta raka su ƙofa. Matar Bakanike ta taɓa aiko a sam mata na'ana'a, aka mayar mata da kwanonta wayam.

Da Goggo ta kwanta ciwo, Bakanike ya zo dubiya ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama. Ta juya fuskarta bango, ta ce wa 'yarta da ke jinyarta, "Idan ya tafi, ki ba kuɓewar nan ruwa."